Ɗabi'un Masu Vespa Ranar Barin Mubi

Tun daga ranar 1 ga watan Yuni na 1961, sa'ad da Arewacin Kamaru, wanda ke hannun Ingilishi bisa amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shigo cikin Nijeriya bayan ƙuri'ar raba gardama, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, aka kuma mai da Mubi hedikwatarsa, garin nan na gindin duwatsun Mandara bai gushe ba yana karɓar baƙin ma'aikata yana sallamar waɗansu, har ya zamana da wuya wata ya kama ya mutu ba a ga gingimari tsaye a ƙofar wani gida a Lokuwa ko Sabon Layi ana loda mata gadaje da tukwane ba. Dā umurni daga Kaduna yake zuwa, a 1967 ya koma zuwa daga Maiduguri, a 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Gongola ya koma Yola, kuma duk sa'ad da kujerar mulki ta motsa sai takardun canjin wurin aiki su biyo bayanta, malamin makaranta da akawu da malamin asibiti da malamin gona kowa ya shiga ɗaure kaya. Ga kuma Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, waɗanda ke jawo mutane daga nesa, su zauna shekaru su tara iyali da komatsai, sa'an nan wata rana su ce gida ya kira. To, Mubi kuwa ba ta kusa da ko'ina in ban da Kamaru. Yola kanta sai an ci kimanin kilomita 200, Kano ta haura 600, jirgin ƙasa kuma, da aka ja masa layi daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, bai taɓa leƙo wannan kusurwa ba.

A cikin dukkan abin da mai ƙaura ke tattarawa babu mai rikitarwa irin Vespa. Gado ana kwance shi, katifa ana naɗe ta, akuya ana ɗaure ta ko a yanka ta a yi walimar ban kwana, amma wannan 'yar na'ura da kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙerawa a 1946, bisa zanen wani injiniyan jiragen sama mai suna Corradino D'Ascanio, wanda shi kansa ba ya son babura sabili da ƙazantarsu, ta fi ƙarfin a lissafa ta cikin kaya, ba ta kuwa isa a dogara da ita a doguwar tafiya ba. Nauyinta ya kai kimanin kilo 100, injinta yana gefen dama, ƙafafunta ƙanana ne, inci 8 ko 10, jikinta kuwa farantin ƙarfe ne da aka matse, wanda in ya lotsa sai mai gyaran bodi ya yini yana bugu, kuma ko ya gama idon mai ita ba zai daina ganin wurin ba. An yi ta ne domin mutum ya je ofis da masallacin Juma'a cikin babbar riga ba tare da sarƙa ta cafke masa gefe ko mai ya ɓata masa wando ba, dalilin da ya sa ta shiga ran malamai da alhazai da ma'aikata, musamman bayan da kuɗin Udoji suka zubo a farkon 1975, har ta zama alamar cewa mutum ya kama ƙasa. Saboda haka ranar da za a fitar da ita daga gari mutuncin mai ita ne ake ɗagawa sama ana neman inda za a ajiye, kuma a irin wannan rana halin da mutum ya shekara yana rufewa da fara'a yakan fito fili. Abin da zan faɗa a kanta ya hau kan danginta, Lambretta da Bajaj ta Indiya da roba-robar zamanin nan, sai dai su ba a cika zubar musu da hawaye ba.

Ba na nufin waɗanda suka bar garin a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shigo, jama'a suka bi duwatsu da ƙafa, waɗansu Kamaru waɗansu Yola, ba mai waiwayar katifa. Wannan musiba ce, ba a raha da ita, Allah ya kiyaye sakewa. Maganata a kan ƙaurar lafiya ce, wadda ake sa wa rana, a zaga maƙwabta a yi sallama a nemi gafara.

Mafi jarunta a cikin masu Vespa, ko kuwa mafi taurin kai, gwargwadon wanda ka tambaya, shi ne mutumin da ya rantse ba mai ɗora masa ita a kan mota alhali tana da ƙafafunta. Hujjarsa a zahiri ba ta da aibi, gama abin hawa ne, kuma ba a taɓa jin an goya doki an kai shi Kano ba. Sai ya sallami iyali da kaya a mota tun jajibiri, shi kuwa ya yi asubanci, ya naɗa rawani ya rufe hanci, ya sa tabarau, ya girke galan ɗin fetur a tsakanin ƙafafunsa, a aljihu ga fulogi biyu da sifana da 'yar kwalbar baƙin mai, domin injin Vespa ta dā ba ya shan fetur tsantsa sai an gauraya masa da mai kashi 2 cikin 100, tankin kuma bai wuce lita 8 ba. Daga Mubi zuwa Mararraba ransa fari tas, yana ɗaga wa manoma hannu. A Hong yana nan da ƙarfinsa. A Gombi, inda zai saki hanyar Yola ya karkata zuwa Garkida, ya fara tunawa yana da ƙugu. Da ya haye Kogin Hawul ya fuskanci hawan Biu, nan fa labari ya sake, inji ya yi zafi yana kuka a giya ta biyu, hannun hagu da ke murɗa giya ya sage, kowace tirela ta wuce sai iskarta ta raka shi gefen titi, ramin da babbar mota za ta taka ba ta sani ba shi ƙafarsa ta gaba duka ke nutsewa a ciki. Malamai sun ƙayyade tafiyar da ake kasaru a cikinta da buridi 4, watau mil 48, wannan bawan Allah kuwa ya ninka haka fiye da sau 7, rangwamen salla dai ya same shi, amma ba wanda ya yi masa rangwamen rami. A Gombe yakan kwana a barandar masallacin tasha, igiya ɗaure daga ƙafar Vespa zuwa tasa, don kada ɗayansu ya tashi bai sanar da ɗan'uwansa ba. In ya isa Kano, fuska ja wur da ƙura, zama ya gagara sai kishingiɗa, za a tarar abin da ya kashe a mai da faci da man zafi ya zarce abin da direba ya nema tun farko. Amma kada ka kuskura ka ce masa ya yi hasara, domin ya sami abin da ya fi kuɗi daɗewa, watau labari, wanda zai yi ta bayarwa har ga jikoki, kowace shekara hawan Biu yana ƙara tsawo lokacin tafiyar yana raguwa, har ya zamana ya yi sallar asuba a Mubi ya yi la'asar a Fagge.

Akasinsa shi ne mai waswasi, wanda ke fara shiri saura mako guda. Ya tsiyaye fetur har ɗigon ƙarshe, ya rufe famfon mai, ya cire batir, ya kwance madubai ya naɗe kowanne cikin tsohuwar hula. Har nan ba shi da laifi, haƙiƙa ma abin da ya wajaba ga kowane mai hankali ke nan, domin Vespa in ta karkata da mai a cikinta sai ta zubar ta murfin tanki da kabireta, ruwan batir kuma in ya taɓa fenti sai ya ci shi. Inda al'amarin ya zarce haddi shi ne wajen sutura, gama sai ya bi ɗakuna ya kwashe barguna, ko da kuwa ana tsakiyar hunturu, ya haɗa da katifar baƙi da tsofaffin zannuwan uwargida da kwalayen da ya roƙo a kanti, ya naɗe ta ya sake naɗewa ya rufa tamfol, yara kuwa su yi mako suna kwana a tabarma suna makyarkyata. Ranar lodi, 'yan dako huɗu suka sunkuya, shi yana zaga su.

"Kai yaro, ba nan ake kamawa ba! Sigina ce a wurin, ka ɗauka marikin tukunya ne?"

"To Baba, ina za mu kama? Ai duk kun rufe ta, ba mu san gaba ba, ba mu san baya ba."

"Ku kama ƙasa, ku ɗaga da bisimilla. Direba, zo nan. Wannan wace irin igiya ce? Ta ɗaure shanu ce?"

"Haba Alhaji, shekarata 20 ina lodi a garin nan, ko ƙwai ban taɓa fasawa ba."

"Ƙwai ai ana sayar da shi a kasuwa."

Ba zai yarda ba sai an tsayar da ita bisa jak ɗinta, an ɗaure ta ta kusurwa huɗu, an danne ƙafafun da itace, kuma a wannan ma gaskiya tana wajensa. Sa'an nan kujerar gaba da ya biya wa kansa sai ya bar wa wani, ya haye bayan mota ya zauna kusa da ita cikin rana da ƙura, duk inda aka tsaya shan ruwa ya tashi ya ja kowace igiya ya ji ko tana nan, ya yi ta ja har ƙullin da yaron mota ya yi da gwaninta ya sassauta. In an isa, aka kwance mata sutura ɗaya bayan ɗaya a gaban sababbin maƙwabta, sai a sami ƙarzuwa guda tak a gefen hagu, wadda bincike zai tabbatar agogon hannunsa ne ya yi ta a daidai Song, lokacin da mota ta faɗa rami ya rungume ta.

Shi kuwa mai tawakkali, irin tawakkalin da ba a ɗaure raƙumi ba, ba ya ɗaukar wa kansa ko ɗaya daga wannan wahala. Ya cika tanki fal don kada ya sha wuyar neman mai a baƙon gari, ya hau ta har tasha, ya miƙa wa ɗan kamasho mabuɗi, bai karɓi rasit ba, bai tambayi sunan direba ba, bai dubi lambar mota ba, ya ce Allah ya kai lafiya, ya tafi cin tsire. Yaron mota ya kwantar da ita a kan buhunan masara, ya ɗora mata buhun gyaɗa don kada ta motsa. Iyali su yi wata guda suna cin tuwo mai ƙanshin fetur, shi kuwa, bayan ya buga kik sau 40 inji bai amsa ba sabili da mai ya jiƙa fulogi, ya share gumi ya ce ƙaddara ta riga fata. Abin da ke ba ni haushi game da wannan mutum, kuma na san yana ba mai waswasi haushi fiye da ni, shi ne sau da yawa tasa takan isa lafiya ƙalau ko ƙwarzane babu, ya buga sau ɗaya ta tashi, ya tafi yana yi wa mutane wa'azi a kan illar yawan damuwa.

Kada a manta da hukumar tasha, domin su ma suna da nasu ijtihadi a kan wannan mas'ala. A mazhabar 'yan kamasho Vespa fasinja ce, kuma ba fasinja ɗaya ba. In bas ce za a cire kujerar baya a ce kuɗin mutum 3 ne ko 4, in ƙaramar mota ce, irin Starlet ɗin da suka cika hanyoyin wannan yanki, sai a cusa kanta cikin but a bar gindinta a waje yana kallon inda aka fito, a ja murfi da robar tsohon tif, a ce maka ai haka ake yi kullum. Farashin kuwa ba ya bin nauyi ko nisa, fuskar mai ita ake dubawa, duk wanda aka ga yana shafa mata kujera yayin ciniki ya riga ya ƙara wa kansa kuɗin mutum guda.

Gudun wannan ne ke kai mai neman arha kara. Kasuwar shanu ta Mubi tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan, shanu na shigo mata daga Kamaru da Chadi, tireloli kuma na tashi daga cikinta zuwa Legas da Anacha da Fatakwal, saboda haka ma'aikacin da aka mayar Kudu, in yana cikin masu ganin fitar da kwabo daidai da cire haƙori, sai ya yi lissafi ya ga cewa ga mota za ta inda za shi, ta riga ta sami kuɗinta daga fatake, abin da za ta karɓa a wajensa ɗan na goro ne. A ɗaga Vespa a ɗora a kan katakan sama, inda masu rakiyar shanu ke zama, a ɗaure, ya koma gida yana yi wa abokansa dariya. Bai sa a lissafi ba cewa a ƙarƙashin katakan akwai jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙahoni, waɗanda tafiyar kwanaki ta gundura, kuma ba su da abin yi sai ɗaga kai. Za ta isa dai, amma da huda a murfin gefe, da kujera da aka lashe har soso ya fito, da wani wari da ke kwance lafiya muddin inji na sanyi, da zarar ya ɗumama kuwa ya tashi, har a sabon ofis a riƙa sanin isowarsa tun yana bakin ƙofa. Bugu da ƙari tirela ba ta san gidansa ba, kara ta sani, can bayan gari za a sauke masa, ya ɗauki akori-kura da kuɗin da ya haura duk abin da ya yi tsimi.

A nan rigima takan tashi a kan wa zai biya ɓarna, alhali malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware ta a babin ijara. Mai sana'ar da aka kai wa abu ya yi aiki a kansa, kamar tela ko marini, yana lamunin abin da ya salwanta a hannunsa. Mai dako kuwa amintacce ne, ba a bin sa sai in ya yi sakaci ko ta'adi, in ban da in abinci ya ɗauko. Mai jirgin ruwa kuma ba ya cancantar kuɗin haya sai ya isar da kaya inda aka yi alkawari. Direbobinmu sun haddace sashen da ya ce ba a bin su, sun riƙe shi da kyau, amma sashen da ya ce sai an isa a biya har yanzu bai iso tasha ba.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan ban tausayi, shi ne rabin bakanike, mutumin da ya shekara yana zama a bencin gareji yana kallon ana gyara masa, har ya ɗauka ilmin ya shige shi ta ido. Shi dabararsa ita ce, tun da kayan da ke cikin kwali ba a yi musu kuɗin fasinja, bari ya mai da Vespa kayan kwali. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ranar Asabar, ya sauke inji ya sa a akwatin ƙarfe, ƙafafu a buhu, fitila cikin tukunyar uwargida, kusoshi da notoci a gwangwanin madara, yana yi yana gaya wa yara cewa Bature ma da hannu ya haɗa ta. Bai san cewa wayoyin giya guda biyu da na kuloci da na totur da na birki duk ta cikin jikinta suke bi a ɓoye ba, zare su aikin minti ɗaya ne, mayar da su kuwa aikin mai haƙuri ne wanda ya ƙware. Gwangwanin madara kuma, da yake ba a rubuta masa komai ba, ya bi kayan ƙanwar uwargida zuwa Michika. Bayan wata biyu a sabon gari ya kwashi kwalayensa ya kai wa bakanike na gaske, wanda ya leƙa ciki ya riƙe baki.

"Subhanallahi! Malam, wane azzalumi ne ya yi maka wannan aika-aika?"

"Wani yaro ne a can Mubi. Ka san yaran yanzu."

Gangar jikin takan ƙare a zaure, a jingine da bango, kaji suna ƙwai a inda ake sa ƙafa, in baƙo ya tambaya a ce ana jiran kaya daga Kano, in kuwa a Kano ake a ce daga Legas.

Da yake Mubi gari ne na bakin iyaka, Sahuda tana nan kusa, kuma kaya sun saba shigowa ta hanyoyin da ba su cikin taswira, duk abin hawa mai ƙafa biyu da aka gani a bayan mota yana nufar cikin ƙasa lalle ne a tambayi asalinsa a shingayen hanya. Wannan ya haifar da mutum biyu da ba sa ga maciji. Ɗaya tsohon akawu ne, mai fayil ɗaure da jan zare, a ciki ga rasit na asali tun na shekarun 1970, ga takardar kwastan, ga fatikula da lasin da inshora na kowace shekara a jere, ga shaidar lambarta ta Gongola, jihar da aka raba tun 1991 amma shi bai yarda ta mutu ba. Jami'in da ya ɗaga hannu kawai don mota ta wuce sai ya ga dattijo ya sauko ya gyara tabarau, ya ce ai ba a yi haka ba, aiki aiki ne, ya buɗe fayil daga shafin farko, fasinjoji na salati, rana na yi, jami'in na neman hanyar tsira. Ɗayan kuwa ba shi da ko ƙyallen takarda, ta baffansa ce ya gada, hujjarsa ita ce duk Mubi ba wanda bai san ta ba, tun daga Yelwa har Lamorde. Shaidar shahara tana da gurbinta a gaban alƙali a waɗansu mas'aloli, sai dai shaharar Vespa ba ta wuce Mararraba, daga nan gaba baƙuwa ce kamar kowa. Za a bar shi a gindin bishiya da ita, mota ta yi gaba da iyali, yana buga waya yana neman wanda ya san wani.

Waɗansu sukan duba duk wannan su ce a sayar a huta. Sai a kira dillali, mai ita ya tsaya ya yi mata kirari, fentin kamfani ne, ba a taɓa buɗe inji ba, a kanta ya ɗauko ɗan farinsa daga asibiti, kuma duk wannan tarihi yana cikin farashi. Kowa ya taya ya ce albarka, har da ɓata rai, kamar an zage shi. Haka za a yi ta yi sai daren tafiya, mota ta cika ba wuri, ya sallama wa mai tayin farko a rabin abin da ya taya, dillali ya cire la'adarsa a ciki.

Wanda ba zai iya sayarwa ba kuma ba zai iya ɗauka ba shi ne mai barin ajiya, kuma a ganina cikin dukkansu shi ya fi yaudarar kansa. Ya tura ta gidan ƙanensa ko amininsa, ya ce wata biyu kacal, da ya kimtsa zai aiko a ɗauka. Hukuncin wadi'a sananne ne, wanda aka ba ajiya ba ya amfani da ita sai da izini, kuma mai riƙon amanar ya san haka, don haka a watan farko ba ya yin komai sai tayar da inji da safe, kada batir ya mutu, wanda hidima ce ga mai ita. A wata na biyu ya lura cewa taya in ta daɗe a tsaye tana lalacewa, sai ya riƙa kai ta masallacin Juma'a. Daga Juma'a aka shiga kasuwa, daga kasuwa aka shiga gona, damina na faɗuwa ta fara dakon taki, kafin kaka babban ɗansa ya koyi tuƙi a kanta, ya kuma koya wa abokansa. In maigidan ya bugo waya ya ce, "Yaya mutuniyar?" sai a ce, "Tana nan lafiya lau, Yaya, wallahi ko ƙura ba na bari ta zauna mata," kuma ba a yi ƙarya ba, domin ba ta tsayawa wuri ɗaya har ƙura ta sami zama. Bayan shekara 5 ya zo ɗaurin aure, a tarye shi a tasha da ita, madubi ɗaya, kujera ɗinke da zaren buhu, a goya shi a baya zuwa gida, ya sauka ya ce an gode, Allah ya bar zumunci.

Masu ba da shawara na majalisar ƙofar gida ba sai na tsawaita a kansu ba. Mafi yawansu ba su taɓa mallakar ko keke ba, amma kowa yana da ɗan'uwan da ya kai tasa Sakkwato ta wata hanya da ba wanda ya sani sai shi. Wadda ta cancanci a saurara ita ce uwargida, domin ita ta daɗe da sanin cewa tana zaune da kishiya mai ƙafa biyu, wadda ake wa wanka kowace safiya, ake saya wa mai ko da cefane bai cika ba, kuma ranar ƙaura ce ranar da za a san matsayin kowa. Motar guda ce, ga gado, ga kwalla da tangaran, ga kabet ɗin da iyayenta suka yi mata, ga kuma waccan tana jiran wuri mafi kyau, bayan kan direba, inda girgiza ba ta da yawa.

"Malam, in aka sa ta nan, kabet ɗina fa?"

"A bar kabet mana, ai can ma akwai kafintoci."

"Can ɗin ai akwai Vespa ma."

Yadda wannan muhawara ke ƙarewa ya danganta ga gida, amma na lura mazan da suka yi nasara a cikinta sukan yi makonni suna cin abinci ba gishiri.

Saura mutum guda, wanda ya yi komai bisa ƙa'ida, ya tsiyaye mai, ya ɗaure ta tsaye, ya karɓi rasit, takardunsa cif, ya sasanta da uwargida, abu ɗaya kawai ya manta, bai tambayi dokar garin da za shi ba. Birane sun daɗe suna juya wa babur baya: Abuja ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni a 2006, Kano ta hana goyo a kan babur a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Maiduguri kuwa tun Yulin 2011 ta hana hawa babur ɗungurungum, na haya da na gida. Mutuminmu da aka mayar Maiduguri bayan wannan doka ya bi ta Michika da Madagali da Gwoza da Bama, ya sauke Vespa lafiya ba ƙwarzane, ya goge ta, ya sa mai, ya turo ta ƙofar gida zai buga, maƙwabci ya rugo ya riƙe masa hannu ya ce, "Malam, rufa mana asiri, kai baƙo ne?" Ya yi ta bayani cewa wannan ba babur ba ce irin ta 'yan acaɓa, Vespa ce, ta mutanen kirki, aka ce masa doka ƙafafu take ƙirgawa. Ya mai da ita zaure, ya yi wata uku yana zuwa aiki a Keke Napep, yana tayar da ita ranar Juma'a ta yi kuka a cikin gida hayaƙi ya kori kowa, daga bisani ya haƙura ya nufi tasha ya tambayi ɗan kamasho nawa za a kai masa ita Mubi wajen ƙanensa.

"Kuɗin mutum 4 ne, Alhaji."

"Haba ɗan samari, ai da za mu zo na mutum 3 na biya."

"To Alhaji, ka hau ta mana ka kai ta da kanka, in ka iya fita da ita daga gari."